Tsegumi: Mai Hoton Gida Ya Fasa Ƙwai

Ku matso kusa, ku rage murya. Ranar Asabar da ta wuce na je wata dina a Kano, aka zaunar da ni a teburin ƙarshe kusa da sifika, inda masu hoto ke ajiye jakunkunansu. Nan na tarar da wani yaro mai shago a wajajen Titin Gidan Zoo, sanye da ankon dangin amarya, kyamara biyu rataye a wuya, ido ya yi ja. Na ce, "Ɗana, kai ɗan biki ne ko ɗan aiki?" Ya ce, "Hajiya, wallahi ni ma ban sani ba."

Ashe amaryar 'yar gwaggonsa ce. Wata biyu kafin biki gwaggon ta kira shi ta ce, "Auren ƙanwarka ya tashi, ai ba ma kawo bare muna da kai." Maganar kuɗi ko da wasa ba ta taso ba, shi kuma kunya ta hana shi tayarwa. Ya mayar wa wani mai biki kuɗin kafin alƙalami saboda rana ta zo ɗaya. Ya yi kamu, ya yi sa lalle, ya yi ɗaurin aure cikin rana, ga dina, gobe kuma kai amarya. Yaron da ke riƙe masa fitila daga aljihunsa zai biya shi. Ankon ma shi ya saya a Kantin Kwari. Mai kwalliya kuwa, wadda ba dangin iya ba na baba, sai da ta ga alat kafin ta buɗe akwatinta.

Ya ce bare yana biya ya yi ƙorafi sau ɗaya, dangi kuwa ba su biya ba, ƙorafin sai ya shekara. Tun a daren kamu waya ke ruri: "Turo mana mu sa a sitatus." Ba wanda ke son jin cewa hoto sama da dubu ne a memori, sai an zauna an tace an gyara haske ɗaya bayan ɗaya. In ya tura ta WhatsApp, manhajar ta matse hoton ya dushe, sai a ce kyamararsa ta tsufa. A zamanin fim mai ɗauka 36, kowa tsayawa yake cak don ya san ba a ɓarna. Yanzu kowace ƙawa tana son goma, ta zaɓi ɗaya, ta ce a rage mata kumatu.

Ga inda zancen ya yi daɗi. Wajen hoton iyaye, uwar amarya da kishiyarta kowacce ta ce ita ce a dama. Yaron nan ya ɗauki biyu, kowacce da nata, ya ce kowacce za ta ga nata kaɗai. Wata amaryar kuma a wani bikin, haske ta yi ta nema a ƙara mata, har da aka kai firam gidan surukai, kakar ango ta ɗaga shi ta ce, "Wannan wace ce kusa da jikana?"

Sai kuma masu raɗa a kunne. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙi da naira, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. An daɗe ana yi ba wanda ya kula, amma tun 2024 da EFCC ta tsananta kai mutane kotu, manyan da ke ɓarin sababbin kuɗi a filin rawa su ne ke biyo mai hoto har wajen mota: "Malam, wancan wajen a goge." Akwai wani Alhaji da ya ce wa gida yana Abuja taro, sai ga hularsa a teburi na uku, kuma ba shi kaɗai ba. Shi ne kaɗai ya ba yaron nan abin kirki a bikin gaba ɗaya. Suna? Bakina da goro.

Kada masu hoto su ce na goya musu baya. Mun san masu karɓar biki uku a Asabar ɗaya, su turo yaro da batir rabi. Mun san albam ɗin da ba ya fitowa sai ranar sunan ɗan fari. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma wanda ba a ba shi ladan ba fa?

Na tambaye shi me ya sa bai ƙi ba. Ya yi shiru, ya latso wani hoto a bayan kyamara ya nuna min. Kakarsu ce zaune a kan tabarma ranar sa lalle, ta riƙe hannun amarya tana dariya, ba haƙori ko ɗaya. Ya ce, "Bare ba zai san ita ce babba a gidan ba, zai wuce ta ya tafi wajen 'yan mata." Daga nan aka kira hoton dangi. Kowa ya hau dandamali, har jarirai. Gwaggo ta ƙirga ta ce, "Alhamdulillahi, mun cika." Yaron yana ƙasa, cikin ankonsu, yana cewa a matso.

To, Gwaggo, in wannan shafin ya iso gare ki, kuɗin man babur da na yaron fitila dai a duba. Ban ce ke ba ce. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.