Mahaɗin Nuni da Tafintan da Aka Sauya

Mahaɗin nuni, wanda masu aiki da Linux ke kira simlink, ɗan ƙaramin fayil ne da babu komai a cikinsa sai adireshin wani fayil. Aikinsa irin na yaron da aka zaunar a ƙofar shago ne: duk wanda ya zo neman mai shago, sai ya nuna masa da hannu ya ce, yana can. Ya bazu ne tare da tsarin 4.2BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983, kuma da umarnin ln -s ake ƙirƙirarsa. Amfaninsa shi ne suna ya tsaya yadda yake ko da abin da ke bayansa ya sauya. Illarsa ma ita ce wannan.

Rubutun umarni da yawa na farawa da layin #!/bin/sh, wato sunan tafintan da zai karanta wa kwamfuta abin da aka rubuta. A Linux da dama /bin/sh mahaɗi ne kawai. Shekara da shekaru bash yake nunawa, tafintan da Brian Fox ya fitar a 1989. Shi bash yana jin harshen sh na asali, yana kuma da ƙarin kalmomi nasa na kansa, kuma ko an gauraya masa ba ya tankawa. Mutane suka saba da gauraya. A Oktoban 2006 Ubuntu 6.10 ta juya mahaɗin zuwa dash, wanda ya samo asali daga ash na Kenneth Almquist, saboda ya fi ƙanƙanta da sauri, kwamfuta ta riƙa tashi da wuri. Debian ta bi sahu a fitowarta ta 6.0 a 2011. Sai dai dash harshen asali kaɗai yake ji.

Misalin da ya fi fito da abin fili na mai wannan rubutu ne, wanda kunya ta hana a kira shi da wani suna. A lokacin shi ke kula da kwamfutar wani ofis, kuma yana da rubutun da yake alfahari da shi. Kowane dare rubutun zai karanta saituna da kalmar source, ya shiga jakar ajiya da cd $AJIYA, ya share kwafin jiya da rm -rf *, sannan ya zuba na yau. Ranar Alhamis da yamma ya sabunta tsarin, ya ga komai ya tashi lafiya, ya hau babur ya tafi gida.

Da dare ya raba, dash ya karɓi aiki. Bai san source ba, ɗigo shi ya sani a madadinsa. Ya yi ɗan ƙorafi ya wuce layi na gaba, don haka AJIYA, da ke jiran ƙimarta daga saitunan, ta zama fanko. Shi kuwa cd, idan ba a faɗa masa inda za shi ba, gida yake komawa, wato jakar mai asusun. A nan aka yi shara. Rahoton oga na wata uku ya tafi, hotunan ɗaurin auren mai rubutun suka bi shi. Rubutun ma a jakar yake zaune, saboda haka ya share kansa.

Akwai fayil da mai rubutun ya ware don kurakurai, yana tura su can da alamar &>. A wurin bash ma'anarta tara duk saƙo a fayil. A wurin dash umarni biyu ne: tura aikin bayan fage, sannan a buɗe fayil fanko. Ka'idar mai rubutun kuwa ita ce fayil fanko alamar lafiya. Safiyar Juma'a ya leƙa, ya ga wayam, ya yi hamdala.

Ranar Litinin oga ya ce, "Malam, ina rahotona?" Aka zargi ƙwayar cuta, aka zargi ɗaukewar wuta, har masinja sai da ya rantse. Sai bayan la'asar aka buga ls -l /bin/sh, kibiya ta fito tana nuna dash.

Laifin na marubucin ne, tunda sh ya kira, da harshen bash ya yi magana. Gyaran kuma bai kai minti guda ba: a mayar da layin farko #!/bin/bash, ko a tace rubutun da checkbashisms a cire kalmomin aro. Sa set -u a sama yana tsayar da aiki da zarar an taɓa sunan da ba a ba shi ƙima ba, kuma da yana nan da sharar ba ta auku ba. Wasu a lokacin sun gwammace dpkg-reconfigure dash don mayar da mahaɗin kan bash, wanda ɓoye ciwo ne kurum.

Rahoton oga an sake buga shi daga takarda cikin kwana biyu. Hotunan biki kuwa huɗu aka samu a wayar ƙanwar amarya, a uku daga ciki ango ya rufe ido.