Sharar da ta tayar da Fammar

Duk manhajar da ta kwana biyu tana tara fayilolin da ba wanda ya san aikinsu, ba kuma wanda ke da ƙarfin halin goge su. Tamu ta ƙungiyar manoma a Fammar ba ta tsira ba. Wani ɗan garinmu ne ya rubuta ta lokacin da yake karatu a Kano, don riƙe lissafin takin da ake ba membobi bashi da damina su biya da kaka, tana kuma tura musu saƙon tunatarwa ta waya. Da ya samu aiki a Legas, sai dattawa suka waiwayo kaina, tunda an sha ganina da kwamfuta a shagon mai cajin waya.

Da na buɗe ma'ajiyar manhajar sai na ga kamar rumbun da aka shekara goma ana zubawa ba a taɓa sharewa ba. Ga fayil mai suna "saiti", ga "saiti-sabo", ga "saiti-sabo-na-gaske", ga "na-ƙarshe-wallahi". Can ƙasa kuma ga wani ƙarami mai layi uku, sunansa "kada-a-taɓa".

Ni kuwa ina da hujjar yin shara. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda wani tsohon rubutun manhaja da aka daina amfani da shi shekaru amma aka bar shi a kwance, ranar nan ya farka ya kama saye da sayarwa ba ji ba gani. Na ba ma'ajinmu wannan labari. Ya ce, "To mu duka jarinmu buhunan taki ne, amma yi abin da ka gani."

Na bi ƙa'ida sau da ƙafa. Kowane fayil sai na bincika ko akwai wani wuri a manhajar da ke kiran sunansa. Wanda ba mai kira, sai shara. "Kada-a-taɓa" ba mai kiransa ko sau ɗaya. Na goge shi tare da 'yan uwansa, na rubuta a Git, kundin da ke riƙe tarihin canje-canjen manhajar, cewa an kwashe tarkace, na tura, na tafi sallar magariba ina jin kaina wani Linus Torvalds (wanda ya ƙirƙiro Git) na ƙaramar hukumar Kibiya.

Ashe manhajar ba ta kiran fayil da suna. Babban fayil ɗin saiti take buɗewa ta karanta duk abin da ta tarar a ciki. Layi ukun nan kuma su ne ke ce mata saƙon gwaji lamba ɗaya tak za a tura wa, wato lambar mutumin Legas. Da ta duba ba ta ga umarnin ba, sai ta ɗauka kowa ake nufi. Saƙon gwajin kuwa, wanda ya rubuta don nishaɗin kansa, cewa yake: "Ana binka buhu 999. Ka biya kafin Juma'a ko mu zo mu kwance akuyarka."

Kafin isha'i ƙofar gidanmu ta zama kasuwa. Kawuna ne ya fara isowa, waya a hannu, hula a karkace.

"Kai, zo nan. Buhu 999? Gonar tawa Kadawa ce?"

"Kawu, kuskuren na'ura ne."

"Na'ura ta san ina da akuya?"

Gwaggo ta aiko yaro ya shaida min ta riga ta kai awakinta uku gidan 'yarta a Rano, in mun isa mu je can mu kwance. Wani dattijo da ya biya bashinsa tun bara ya zo da rasiɗi a cikin leda da shaidu biyu. Liman ma ya samu, alhali shi ba ya cikin ƙungiyar, an dai saka lambarsa ne don sanarwar taro. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ni tunkiya gare ni."

Da safe mai unguwa ya sa aka kira ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan ta taɓa faruwa har a ƙasar Turawa." Na kawo masa labarin watan Maris na 2016, lokacin da wani mai rubuta manhaja ya janye ɗan abinsa mai layi 11, left-pad, daga babbar ma'ajiyar npm, manyan ayyuka irin su Babel suka ƙi haɗuwa a duniya baki ɗaya, har sai da aka mayar da shi. Mai unguwa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Su ma an rubuta musu kada a taɓa?" Fadawansa suka kwashe da dariya. Wani ya ce wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Gyaran kansa bai ɗauki lokacin shan shayi ba, domin Git ba ya mantuwa, umarni ɗaya ya dawo da fayil ɗin. Neman inda intanet zai kama ne ya sa ni hawa kan dutse da kwamfuta a cinya, yara na kallo. Daga nan na kira mutumin Legas na tambaye shi me ya hana shi rubuta bayanin aikin fayil ɗin a ciki. Ya ce, "Ai na rubuta. Ba ka ga sunansa ba?" Yanzu an canza masa suna zuwa "mai-tsare-saƙon-gwaji", manhajar kuma in ta rasa shi sai ta tsaya cik maimakon ta yi wa gari shela. Sauran tarkacen da na kwashe ba wanda ya nemi ko ɗaya har yau.

Ranar Juma'a ma'aji ya same ni bayan masallaci, fuskarsa a sake. Mutum bakwai da aka yi shekara biyu ana bi sun kawo kuɗinsu cif, cikinsu har da Kawu, wanda ashe buhu biyu ake binsa da gaske. Ma'aji ya ja ni gefe ya rage murya.

"Wannan fayil ɗin, za ka iya sake goge shi da kaka?"