Masu Jinyar Tsohuwar Kwamfuta a Matameye

A Turai da Amurka akwai mutanen da suke tara tsofaffin kwamfutoci don sha'awa kawai. Mutum yana da sabuwa dal a kan tebur, amma ya ware ɗaki guda ya cika shi da na zamanin ubansa, yana goge su, ran Lahadi ya kunna ɗaya ya ji kukanta ya kashe. A Matameye ba wanda zai yarda ya ce maka sha'awa ce. Kowa gyara yake yi, kuma kowa da hujjarsa: takardun yara, lissafin shago, wa'azin da zai tura wa mutane a waya. Amma ka zauna da su yini guda, ka ga mutum ya kwance abin da yake aiki lafiya lau don kawai ya ga cikinsa, za ka gane ciwon ɗaya ne. Bature dai yana jinyar wadda ta yi ritaya, tamu kuwa ba a taɓa ba ta hutu ba.

Kwamfuta ba ta zuwa garin nan da ƙuruciyarta. Sai ta gama bauta a wani banki na Faransa ko wata makaranta ta Ingila, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ta kwana a Alaba ko Ikeja, ta iso titin Beirut a Kano, sannan ta biyo Kazaure da Daura ta ƙetare Kwangwalam da Ɗan Barto. Wata kuma daga Damagaram take gangarowa, ko daga kasuwar Dole ko daga gwanjon wani buro da ya sake kaya. Ko ta ina ta biyo, tana sauka za ta tarar da ƙurar hunturu, da zafin Afrilu mai haura 40, da kuran mai zuwa da tafiya ba sallama. Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar jarrabawarta ita ce mutane.

Na farkon da za ta faɗa hannunsa shi ne Sarkin Ƙura. Duk abin da ka kawo masa, kafin ka gama bayani ya ce, "Ƙura ce." Ta ƙi tashi? Ƙura ce. Tana mutuwa da kanta? Ƙura ce. Ka ce yaro ya zuba mata kunu, ya ce to, kunun ya tarar da ƙura. Kayan aikinsa uku ne: famfon keke, tsohon buroshin haƙori, da magogin fensir. Zai fito da ita bakin titi ya buɗe mata ciki ya hau bugun famfo, hazo ya tashi ya rufe teburin mai shayi, mai shayi ya ɗaga murya, "Haba Malam, a madarar mutane?" shi kuwa ko waiwaye. Abin haushin shi ne sau da yawa gaskiyarsa ce. Ƙura tana toshe fanka, ƙwaƙwalwar ta ɗau zafi, na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ram kuma idan haƙoransa na ruwan zinare suka yi dauɗa, sai kwamfuta ta yi ta ƙara ba hoto. Ya zare shi, ya goga masa magogi, ya mayar, ta tashi garau. Yana da akwatin da yake tara abin da ya ciro daga cikin kayan mutane, gidan zanzaro, busasshiyar tsaka, ɓawon gyaɗa, don nuna wa masu gardama. Inda yake shan kunya shi ne ranar da aka kawo masa irin Dell OptiPlex GX270 ɗin nan, waɗanda suka yi ƙaurin suna a duniya da kumburin kondansa. Wannan sai an ciro an yi walda da dalma. Shi dai zai hura musu iska, ya ce a dawo gobe.

Kishiyarsa Ɗan Formate ne, saurayi mai filas rataye a wuya da jaka cike da faya-fayan da aka rubuta wa suna da alƙalami. Shi bai yarda da buɗe ciki ba, maganinsa a share komai a sake zubi. Ba ya tambaya, ba ya jira. Kafin Alhaji ya dawo daga sallar la'asar, hotunan Makka sun tafi, bidiyon auren 'yar fari ya tafi, sunayen masu bashin shekara uku sun tafi. Alhaji ya riƙe kai, yaro ya ce, "Ai ba ka ce in ajiye ba, Alhaji." A madadin abin da ya salwanta zai zuba maka wasan Zuma, da waƙoƙin da ba ka nema ba, da maganin bairos iri uku waɗanda kowanne yake ganin ɗan'uwansa shi ne cutar. Masu bashi a kasuwa suna gaishe shi da hannu biyu.

Sai Mahauci, wanda ba ya sayen kwamfuta mai rai. A kawo masa gawa uku, ya fitar da ɗaya mai tafiya: gangar jiki ta HP, fanka ta Compaq, wayoyi na wadda ba a san asalinta ba. Ka yi magana ya ce ai HP ta sayi Compaq tun 2002, gida ɗaya ne, ba haramun a auren zumunci. A wurinsa ne matsalar zamanmu a bakin iyaka take fitowa fili. Madannan da suka zo daga Faransa jerin AZERTY ne, na Kano kuwa QWERTY. Shi Mahauci ba ruwansa, wanda hannunsa ya kai shi zai jona. Sai ka zauna da madannan Faransa a kan na'urar da aka saita da jerin Ingilishi, ka buga sunan garinku da kyau harafi bayan harafi, ka ɗaga kai ka ga an rubuta :qtq;eye. Ka kira shi, ya leƙa, ya ce, "Za ka saba." Duk aikin da ya gama sai noti ya yi saura, kuma yana da gwangwanin madara da ya kusa cika da su. A ganinsa Bature ne almubazzari, abin da noti biyu zai riƙe ya sa masa takwas. Amma a ba shi haƙƙinsa, ba ya zubar da komai. Mataccen batirin kwamfutar cinya zai fasa ya ciro 'yan sandunan 18650 da ke ciki, ya ware masu sauran rai ya haɗa fitila da su, maganaɗisun rumbun ajiya kuma ya ba tela ya riƙa tsince allura.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Ƙari, galibi mushen lakkwal ko ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata. Tasa Pentium 4 ce, irin da Intel ta fara fitarwa a 2000, tana aiki, ba ta yi masa laifin komai ba, sai dai ya ƙudurta sai ta yi gudu. Ya canza sefa zuwa naira, ya hau mota zuwa Kano, ya sayo ram. Ya dawo da dare, ya ƙi cin tuwo, ya buɗe, sai ya ga tsagar ram ɗin ba ta hau ramin ba, don ya sayo DDR2 alhali tasa DDR ta farko take ci. Zai daɗe yana kallon tsagar nan yana tunanin zarto. Wata na gaba ya koma ya sayo sabon rumbu marar ƙara mai bakin SATA, ya dawo ya tarar tsohuwar da faffaɗar igiyar IDE take sha, sai an nemo mahaɗi, mahaɗin kuma yana Kano. Ranar da ya samu ta karɓi ram har giga 4, Windows ɗinsa mai 32 ta nuna masa uku da ɗoriya ta yi shiru, don iyakar abin da take iya gani ke nan. Uwargidansa ba ta san giga ba, amma ta san buhun hatsi nawa aka binne a cikin akwatin nan, kuma lissafinta ya nuna da tuni an sayi wadda ta fi ta. Ba ta gane ba ne. Shi ba mai gudu yake so ba, so yake wannan ɗin ta yi gudu. Ladarsa duka ita ce ya danna, ya kalli agogo, ya ce yau ta riga jiya tashi. Da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 aka kuma rufe iyaka, kowa yana kukan tsadar abinci, shi yana kukan mahaɗi. Ya koma sola, tsohon allonsa mai ƙusumbi ya shanye batirin kafin isha'i, gida ya kwana a duhu.

Karambani ba sai an daɗe a kansa ba, don shi ma ba ya daɗewa a kan komai. A bayan tsofaffin akwatunan nan akwai ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230, na farko na wutar Amurka, na biyu irin tamu. Karambani zai gan shi, ya ce mene ne amfanin wannan, ya tura. Ƙara ɗaya, hayaƙi, wari. Shi ne kuma mai zura hannu a cikin tsohon allo mai ƙusumbi don an cire shi daga wuta, bai san kwalbar tana aiki da abin da ya haura bolt 20,000 ba, kuma tana iya riƙe caji bayan an kashe. Wanda ya tsira daga wannan yakan zama mai natsuwa.

Baba Sakatare dabam yake. Ya yi aikin buro tun zamanin keken rubutu, shi ya sa har yau yake dukan madannai da ƙarfin da maƙwabta suke sanin ya fara aiki. Windows XP yake amfani da ita, wadda ta fito a 2001. Jikansa ya ce masa, "Baba, Microsoft fa sun daina kula da ita tun 8 ga Afrilun 2014." Ya ce, "Su suka daina, ɗana. Ni ban daina ba." Yana da kwali cike da disket, kowanne mega 1.44, abin da hoto guda na wayar yanzu ba zai shiga ba, kuma labarin cewa Sony ta bar yin su a 2011 bai sa ya fasa jera su bisa shekara ba. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe wa na'ura agogo, CR2032, ya mutu da daɗewa, don haka kullum da safe sai ta farka a wata tsohuwar shekara ta nemi a danna F1. An ce masa canjin ba ya ɗaukar minti biyar. Ya ce a bar ta, gaisuwarsu ce. Dalilinsa na ƙin sabuwa kuwa ba na wasa ba ne. A cikinta yake da tsohon rubutun Hausa mai ƙugiya, irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro kafin wayoyi su iya ɓ da ɗ da ƙ. Duk takardar da ya buga da shi, in aka buɗe ta a na'urar da ba ta da shi, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su zama wasu alamomi. Shekarun aikinsa suna ɗaure da wannan akwati. Kuma cikin duk mutanen nan shi kaɗai ne za ka je wurinsa da safe ka fito da takarda a hannu: ta sayen gona, ta neman aiki da Faransanci, katin ɗaurin aure. Ba ya barin Sarkin Ƙura ya matso, Ɗan Formate kuwa ko inuwar zauren ba ya takawa.

Akwai Alhaji mai lulluɓi, wanda tasa take falo a ƙarƙashin ƙyalle mai ado, ba a taɓa kunna ta ba tun da aka kawo, saboda haka ita ce mafi lafiya a garin. Akwai kuma 'yan benci, waɗanda ba su da kwamfuta ba su kuma da niyyar saye, amma ba a kwance noti sai da izininsu. Suna zaune suna shan rake, ɗaya ya ce a shanya ta a rana, ɗaya ya ce a ɗan buge ta a gefe, ɗaya ya ce shi dai a Kano ba haka ake yi ba. In ta tashi, shawararsu ce. In ta ƙi, dama sun faɗa.

Sai kuma Mai Jiran Bature. Ya ji labari, kuma gaskiya ne, cewa a 2014 gidan tarihi na Henry Ford a Amurka ya sayi wata Apple-1 a kan dala 905,000. Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne a 1976 aka yi ta, kuma kusan 200 kacal aka ƙera. Tasa kuwa irin wadda aka zuba wa ofisoshin duniya ce ba adadi. Tun ranar ya naɗe ta a bargo ya tura ƙarƙashin gado. Ba ya sayarwa, ba ya ba da aro, ba ya yarda a buɗe, kada a sace abin da ke ciki. Ka tambaye shi mene ne a ciki, ya yi murmushi ya ce, "Kai dai yaro ne."

Duk wannan jama'a mutum ɗaya ne yake cin ribarsu, ɗan gwangwan mai kura da sikeli. Shi ba ya tambayar Pentium nawa ce, kilo yake tambaya. Ya san lokacin da maigida yake fita, ya san kuma uwargidan da ɗakinta ya cika da matattun akwatuna har ba wurin ajiye kwalla. "Hajiya, a kawo tarkacen nan a rage miki kaya." Ta miƙo, ya auna, ya biya, ta sayi omo. Da yamma ya baje su a bakin kasuwa, ya zare ram gefe, fanka gefe, igiyoyi gefe. Can sai ga Mai Ƙari ya taho daga lakkwal, ya tsuguna, ya ɗauki wani ram yana jujjuya shi, ya ce wallahi irinsa yake nema, yana da ɗaya sak a gida, in ya haɗa biyu shi ke nan. Ɗan gwangwan ya ce, "Mushe, wannan ba na kilo ba ne, jika uku ne, kuma don kai ne." Ya biya har da godiya.