Zuwa ga Bawana, Shugaban Kwamitin Ƙwarya

Bawana ɗan gwaggo, ubangidanka na gaisuwa daga Argungu. Labari ya iso mana cewa duk faɗin jami'arku an rasa wanda za a ba shugabancin kwamitin makon al'adu sai kai, har an ce ka yi wa hukuma alkawarin buɗe ɗakin adana kayan tarihi da zane-zane. Kai na yi maka murna. Al'ada kuwa na aika mata jaje.

Tun ba ka fara ba na san abin da za ka shirya. Za a kafa rumfa a jera kujerun roba, a rubuta ƙarfe goma a katin gayyata, babban baƙo ya iso bayan azahar. A sha jawabai har maroƙi ya yi gyangyaɗi. Sannan ɗalibai su fito, wannan da aron babbar rigar kawunsa tana sharar ƙasa, waccan da faifai tana sheƙar iska, ga ƙwaryar da aka sayo jiya, kuɗinta da aka rubuta da alli bai ma goge daga gindinta ba. Mai kalangu na gefe yana kiɗa, lasifika ta danne shi da waƙar fim. A rumfar ƙasarku Yauri kuma za ka tsayar da yaro ɗaya riƙe da filafili yana tuƙa jirgi a kan tsakuwa. Da an raba abinci kowa ya watse, a kwashe kayan a kulle a sito, mabuɗi ya bi masinja ƙauye.

Abin da ke ba ni haushi, ba rashin abin nunawa ne ya dame ku ba. Ƙasarku ta ba Jami'ar Usmanu Danfodiyo shugabanni har biyu. Farfesa Mahdi Adamu mutumin Ngaski ne, ya yi digirinsa na biyu a Zariya kan mulkin Yawuri a ƙarni na 19, littafinsa na 1978 kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma kuwa har gobe ɗaliban tarihi ba su da makawa sai sun buɗe shi. Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, Allah ya ja zamaninsa, shi ma ya riƙe jami'ar kafin ya hau gadon Yauri a 1999. Daga wannan gida ka fito, amma kai iyakar bincikenka farashin rumfa.

Zauna in karantar da kai garinku. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taso ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da gungu bayan gungu. Mutum sama da dubu 40 aka tayar. Gungawan da suka gaji noman albasa a tsakiyar kogi aka kwaso su aka zuba a gidajen siminti kan tudu. Kafin ruwan ya rufe, masu tonon kayan tarihi suka yi ta rige-rige da shi, suka haƙa a wurare da dama, a kusa da Yelwa suka tono mutum-mutumin yumɓu da gwaji ya nuna sun haura shekara dubu. A garinku fa, inda kake zuwa cin bandar kifi kowace Sallah. Ka taɓa ganin ko hotonsu? Ka rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ka tambayi inda suke, ka roƙi aro, in an hana ka roƙi hoto. Ko da yake neman takarda a hannunku tsohon ciwo ne. A 1830 Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun taka har Yauri neman takardun Mungo Park da ya halaka a Bussa a 1806, kuka zaunar da su makonni, suka tafi hannu rabbana.

Yumɓu dai zai jira ka, tunda ya jira shekara dubu. Wanda ba zai jira ba shi ne dattijon da yake ɗan shekara goma lokacin da ruwa ya ci gungunsu. Yau yana dab da saba'in. Shi ya san inda kasuwa take, inda dorina ke kwana, sunan kowane dutse da jirgi ke kauce masa, da waƙar da mata ke yi a harshen Reshe ranar cire albasa. In ya tafi, babu kwamitin da zai nutsa ƙasan tafki ya ɗauko. Kuna da ɗalibai 'yan Shanga da Wara da Bin Yauri, kowanne da waya a aljihu yana kallon ƙwallo. Ka sa a ba su maki a kan wannan: kowa ya koma gida hutu ya zauna gaban kakarsa, ya ɗauki muryarta cikin Shanganci ko Kambarci ko Gunganci, ya rubuta, ya fassara. Kuɗin rumfar shekara ɗaya ya ishe ka.

Sannan ka sauka bakin ruwa a Yelwa, ka tuɓe wannan kwat ɗin, ka tsaya kan masu haɗa jirgi. Ka ga yadda mutum ke lanƙwasa katako ba awo ba takarda, ya duba da ido ɗaya, ya buga ƙusa, ya bi tsagar da tsumma yana cusawa har ruwa ya rasa hanya. Wannan mutumin ka kai shi jami'a, kuma kada ka zaunar da shi a rumfa a matsayin abin kallo. Ka ba shi fili da katako da wata guda, ɗaliban injiniya su tsuguna su riƙe masa guduma. A jingine zagon farautar dorina da birgi da mamari kusa da shi, da mai bayanin da ya taɓa jefa su. In ana tambayar asalin su, ka faɗi gaskiya: Sarkawanmu na Kabi ne suka gangaro suka nuna muku yadda ake yi. Na san za ka musa. Musa.

Kada ka ce jami'a ba ta yin haka. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina dandalin wasan kwaikwayonta da jar ƙasa, ginin Hausa sak, tun shekarun 1970. A Zariyar nan dai, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba, kowa ya waiwayi zanen garinsu, yau ayyukansu na rataye a manyan gidajen zane. A Legas kuma Jami'ar Pan-Atlantic ta buɗe gidan zane na Yemisi Shyllon a 2019, da ayyukan da mutum ɗaya ya tara ya bayar. Ku ma kuna da attajiran albasa da kifi, sai dai kai in ka je wurinsu buhu kake roƙa.

Mu dai mun gama namu. Gidan Tarihin Kanta tsohuwar fada ce ta 1831, tun 1958 aka buɗe ta ga masu kallo, ga tambura ga masu ga garkuwa, sarakunanmu na kwance a ciki. Bikin kamun kifinmu ya faro a 1934, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya, da gora da homa kawai, a Matan Fada da bai kai rabin rabin ruwanku ba. Bikinku na tseren jirage, Rigata, kam ba zan ci haƙƙinku ba. In Gungawa suka jeru a dogon jirgi, ganga na tashi, filafilai na sauka tare, har Bakabe sai ya miƙe tsaye. Wannan ne ya kamata ɗalibanka su gani, a mota ka kwaso su ka kawo su bakin ruwa, maimakon yaronka mai tuƙi a kan tsakuwa.

Kuɗin sharar bana na riƙe, sai ka aiko mini da muryar tsohuwa ko guda ɗaya. Ka haɗo da albasa, manya, ba irin na bara ba. In kuma za ka shiga jirgi zuwa gungu, don Allah ka sa rigar kariya, ka zauna a tsakiya, gwaggo ta gaya mini har yau a bokiti ka iya ruwa.