Ranar da Aka Sa Ni Aji Ɗaya

A cibiyarmu ta yaƙi da jahilci, malamai ne baƙi, ɗalibai su ne 'yan gida. Malami zai zo da zafinsa, ya ɗan taɓa aiki, sai ka ji an yi masa canjin wuri, ko ya samu abin da ya fi alawus ɗinmu kauri, wanda samunsa ba wuya. 'Yan N-Power da aka fara ɗiba a 2016 sun zo, wa'adinsu ya cika, sun kama gabansu. 'Yan bautar ƙasa kuwa dama shekara guda ce tasu, kafin su bambance ɗalibanmu Mai Faci da Mai Shayi har sun karɓi takardar sallama. Amma Sarkin Fawa, monitan ajin maza, ya ga bayan shugabanni uku yana aji ɗaya, kuma ba alamar ya gaji. Ni kaɗai ne malamin da ya daɗe, shi ma ina jin mantawa aka yi da ni a can ofis.

Da daminar bana na tafi ƙauye aurar da 'yar ƙanena. Daga biki aka zarce ta'aziyya, daga ta'aziyya aka zarce rabon gado, wanda kowa ya san ba a yin sa a tsaitsaye. Kafin in dawo an yi wa cibiya garambawul. Shugabanmu ya yi ritaya, an mai da mataimakinsa wata ƙaramar hukuma, har mai gadi ɗansa ya gaje shi. Duk ban da labari. A motar dawowa kuma wani bawan Allah ya jingina mini buhun gero a ƙirji, tabarau ya rabu biyu a aljihu. Ni kuwa in babu tabarau, nesa ina hangowa tangararan, amma abin da ke hannuna sai hazo.

Ajin firamare muke ara bayan la'asar. Na isa da wuri, na zauna a bencin baya, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓa, mutanena suna yi mini gaisuwar rashi. Sai ga wani saurayi ya shigo da wandon kaki, alli a hannu, yana taku da ƙarfi. Kofa ne, ɗan bautar ƙasa daga Jos. Ya yi sallama, ya ƙirga kawuna, idonsa ya tsaya a kaina.

"Baba, sannu da zuwa. Yau ka fara?"

Kafin in buɗe baki Sarkin Fawa ya miƙe, ya haɗa hannuwa cikin ladabi irin wanda ban taɓa samu daga gare shi ba.

"E, Malam, sabo ne. Maƙwabcina ne, da ƙyar na lallaso shi. Sai dai ka yi haƙuri da shi, duk inda ya je cewa yake shi malami ne."

Na bi fuskoki da kallo, mutanen da ni na koya wa riƙon fensir. Babu wanda ya yarda muka haɗa ido. Mai Shayi har da girgiza kai na tausayi.

Na ce, "Yaro, ni ne malamin ajin nan."

"Madalla, Baba. Ai kowa malami ne a fanninsa. To ɗan karanta mana nan."

Sarkin Fawa ya miƙo mini littafi da hannu biyu. Na ce, "Tabarau ɗina ya karye."

Wanda bai taɓa aikin nan ba ba zai san zurfin ramin da na faɗa ba. A kowace bita, abin da ake fara gaya wa sabon malami shi ne babba ba ya cewa bai iya karatu ba. Cewa zai yi ya manta tabarau, ko hannunsa na ciwo, ko rubutun ya yi ƙanana. Haka yake yi a banki, haka a asibiti, haka duk inda aka turo masa fam. Ana kuma gargaɗin malami kada ya ƙaryata shi, ya yi murmushi kawai ya rufa masa asiri. Wannan murmushin na rufin asiri na ga yana buɗewa a fuskar yaron. Ya haddace bitarsa tsaf.

Na miƙa hannu da littafin iya tsawonsa, na ƙanƙance ido, baƙaƙen suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya sunkuyo, ya rage murya don kada a ji, ya ce, "Baba, a juye yake." Tari ya kama rabin ajin a lokaci guda.

Na ce to, ga allo can, shi ina ganinsa. Na karance shi daga sama har ƙasa ba gargada. Ya ce wannan ai tun shekaranjiya ake rera shi, yaran da ke leƙe ta taga ma sun haddace. Na fizgi fensir na sa hannu a bangon littafi. Ya ce da yawa sun iya zana sunansu, kuma farawa ce mai kyau.

Daga nan raina ya ɓaci. Na miƙe na ɗauko masa tarihi tun daga tushe. Na gaya masa yadda aka kafa yaƙi da jahilci a Jihar Arewa a shekarun 1950, Malam Ahmadu Coomassie yana jagoranci, da yadda hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai don wanda ya koyi karatu ya samu abin karantawa, kada ya koma gidan jiya. Na zo kan Abubakar Rimi da hukumar ilimin manya da ya kafa a Kano a 1980. Na ƙara masa da cewa kakin da yake taƙama da shi Janar Gowon ne ya kawo shi a 1973, lokacin ko babansa ban tabbata ya fara sa wando ba. Na zauna ina huci.

Yaron ya juya ga aji, idonsa har ya kawo ruwa. "Kun ji ko? Abin da nake gaya muku ke nan. Rashin boko ba rashin ilimi ba ne. Dubi ƙwaƙwalwa! Rubutu kawai ya rage wa Baba."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa, a kan wanda bai dace ba. Da yawa a ajin nan sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta wasiƙa da ajami. Sarkin Fawa yana karanta ajamin da ke jikin takardar naira dubu, kuma zai kalli sa ya gaya maka ribarsa kafin ka gama kunna kalkuleta. Abin da ya kawo shi aji shi ne ranar da wani ɗan gayu ya nuna masa alat na bogi a waya, ya tafi da cinya guda. Baba Direba kuwa dangwale ne ya ishe shi, ya rantse ba zai sake fita daga banki da shuɗin yatsa ba.

Ina cikin wannan tunani na ji an kama hannuna. Kofa ya ɗora nasa a kan nawa, muka fara jan fensir tare. "Zagaye kamar ƙwai, Baba. Yawwa. Sai ka jingina masa sanda." Muka haifi harafin a. Ya ɗaga littafin sama ya ce, "A tafa wa Baba!"

Ban taɓa jin tafi irin wannan ba. Mai Faci, da tafin hannunsa ya saba da taya, shi kaɗai ya isa gayya. Sarkin Fawa ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, ya ka ji tafin? Mu haka muke shan sa kullum, da furfurarmu da jikokinmu."

Ana haka sabuwar shugaba ta tsaya a bakin ƙofa da rajista. Da ta ji an samu ƙarin ɗalibi fuskarta ta washe, don adadi shi ne abin da ofis ke fara tambaya. Ta nemi sunana, na faɗa. Ta ce, "Ikon Allah! Sunanku ɗaya da wani malaminmu da ya gudu ya bar aiki. Tun da na zo ban sa shi a ido ba." Na ce ai ni ne. Sarkin Fawa ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Abin ya motsa." Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ba ni littafin rubutu da sabon fensir.

Washegari na biya wajen masu tallan tabarau a bakin kasuwa, waɗanda ke ba ka guntun jarida ka yi ta gwadawa har rubutu ya fito. Na zaɓi nawa, na sayi Aminiya, na shiga aji na tsaya a gaba. Na karanta shafin farko da murya irin ta mai labarun rediyo, har da tsayawa a waƙafi. Na ninke jarida, na kalli Kofa, ina jiran ya nemi gafara.

Alli ya faɗi daga hannunsa. Ya fita da gudu yana kiran, "Hajiya! Hajiya! Kwana ɗaya! Wallahi jiya a juye ya riƙe littafi!" Ya dawo ya ɗauke ni hoto don rahotonsa. Hajiya ta ce lallai ni za a gabatar a bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya, 8 ga Satumba, in yi jawabi a gaban manyan baƙi kan yadda na fita daga duhu. Nan ne Baba Direba ya kasa riƙewa. Dariya ta kayar da shi daga benci, ya jawo Mai Shayi suka faɗi tare, asiri ya tonu.

Yaron ya durƙusa har ƙasa yana cewa, "Baba, ka yafe mini." Na ce ya tashi, aikinsa ya yi. Yanzu mun raba ajin, shi da masu fara baƙaƙe, ni da masu karanta alat. Tafi kuwa an daina, ba tare da kowa ya kawo shawarar ba.

Sunana dai yana nan a rajistar ɗalibai. Hajiya ta ce ba za a goge ba, adadi ya riga ya tafi ofis, kuma takardar da ta rubuta a cire malamin da ya gudu ita ma ta tafi. Watan gobe ake jarrabawar fita aji ɗaya. Sarkin Fawa ya riga ya kama wuri kusa da ni, ya ce in daure in riƙa yin rubutu manya-manya.