Yadda Ake Zama Masani Tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Ƙanena marubuci mai zaman kansa, na san abin da ke ranka. Ka gaji da rubuta wa mutane jawabin bikin yaye ɗalibai da takardar neman tallafi da tallan man shafawa. So kake ranar da shinkafa ta yi tsada, ko kotu ta yanke wani babban hukunci, gidan rediyo ya bugo maka waya, mai gabatarwa ya gyara murya ya ce, "Muna tare da masani." Buri ne mai kyau, kuma ina tare da kai, domin Kano na matuƙar buƙatar marubutan da suka san abin da suke faɗa. Gyara zama in nuna maka hanya, amma dakata da ɗinka sabuwar babbar rigar tukuna.

Abu na farko, sauke duniya daga kanka. A mako guda ka yi fashin baƙi kan yaƙin Rasha da Yukren, ka warware matsalar man fetur, ka ba kocin Kano Pillars shawara, bayan la'asar kuma ka gano abin da ke kashe aure. Wannan aikin 'yan teburin mai shayi ne, sun riga ka farawa, sun fi ka iyawa, ga shi ba sa sayen data. Kai zaɓi abu guda. Guda tak, wanda za ka iya zuwa wurinsa da ƙafarka ko da kuɗin adaidaita.

Ina za ka same shi? Fito ƙofar gida ka duba. Daga gadar Dangi ka bi titin Zariya, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda mutane ke zuwa daga Jigawa da Katsina har da Nijar. Wanda ya zauna ya fahimci yadda ake yankar kati, yadda inshorar lafiya ke aiki, da yadda mai jinya ke tafiyar da kwanakinsa da aljihunsa, ya samu abin rubutun shekara goma. Ka kewaya titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, ga Babbar Kotun Tarayya. Dubban mutane na jin ana cewa beli da sammaci da ɗage shari'a da ɗaukaka ƙara, amma ƙalilan ne za su iya yi wa tsohuwarsu bayanin waɗannan da Hausar da za ta gane. In ka zama mai yin wannan bayanin, lauyoyi da kansu za su riƙa karanta ka, ko don su kama ka da kuskure, kuma wannan ma karatu ne.

Ni dai da za a bar mini zaɓi, Farm Centre zan tura ka. Kasuwar waya ce, amma duk tattalin arzikin ƙasar nan yana kwance a kan teburanta. Dala ta motsa da safe, kafin azahar farashin sikirin ya canza. Akwai mai shago, akwai mai tebur, akwai injiniyan da bai taɓa shiga ajin injiniya ba amma yana farfaɗo da wayar da kamfaninta ya sallama, akwai ɗan kayi-nayi da ba shi da waya ko ɗaya ta sayarwa amma da la'ada yake ciyar da gida. Daga ina kayan ke zuwa, Legas ko Dubai ko Sin? Yaya ake gane sabuwa dal daga wadda aka yi wa wanka aka mayar kwali? Shekara nawa yaro ke yi a hannun ubangidansa kafin a sallame shi, kuma da me ake sallamarsa? Me ake yi in an kawo wayar sata? Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, yaya ciniki ya kasance, wa ya ci riba, wa ya karye? Kowace tambaya a nan maƙala ce, kuma amsarta ba ta cikin wayarka. Tana bakin mutumin da ke gyara wayar.

In kasuwa ba ta yi maka ba, ga adaidaita sahu, wadda ta gaji titunan Kano bayan hana ɗaukar fasinja a acaɓa a 2013. Hau daga Unguwa Uku zuwa kasuwar Tarauni, ka tambayi direba nawa yake kai wa mai keke balas a rana, nawa mai ke ci tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, me ya rage masa na cefane. Zai gaya maka, har da abin da ba ka tambaya ba.

Kada ka ce abin ya yi maka ƙanƙanta. Farfesa Abdalla Uba Adamu malamin koyar da kimiyya ne tun asali. Lokacin da ake yi wa littattafan soyayya kallon raini ana kiransu adabin kasuwar Kano, shi ya zauna ya karanta su, ya bi marubutansu, ya bi 'yan fim da mawaƙa, har ta kai duk mai son nazarin al'adun Hausawa na zamani, daga Jamus ko Amurka, sai ya bi ta kan rubutunsa. Ibrahim Sheme ya fara mujallar Fim a 1999, ya tsaya a kan masana'anta ɗaya, yau tsofaffin fitowar mujallar sun zama ma'ajiyar tarihi. Philip Shea kuwa, Ba'amurke ne da ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, kuma a kan rini da cinikin rinannen tufafi na ƙasar Kano ya yi digirinsa na uku a 1975. Mutum ya tsallako teku saboda karofi, kai kuma kana ƙyashin tsallaka titin Maiduguri.

To in ka je, ga ladabin wurin. Yi sallama, gaida manya, nemi shugaban ƙungiya ka gabatar da kanka. Kada ka zaro waya ka fara ɗaukar hoto ranar farko, za a ɗauka jami'in haraji ne ya yi shigar burtu. Riƙe ɗan littafi da biro, domin batir na mutuwa, takarda kuwa ba ta jiran a kawo wuta. Abin da mutum ɗaya ya faɗa maka, ji ta bakin wasu biyu kafin ka rubuta, musamman in maganar kuɗi ce ko ta mutuncin wani. Kuma ka koma. Zuwan farko za a ba ka labarin da ake ba baƙo, sai ka zama ɗan gida har ana aikenka sayo ruwa sannan za ka ji na gaskiya. Ranar da ba ka fita ba, Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yana nan yana jiranka.

Maganar laƙabi kuwa, taƙaitacciya ce. Kwamared da Ambasada da Dakta na girmamawa duk ka bar su inda ka gan su. Sunan da aka raɗa maka ranar suna ya isa, bari 'yan Farm Centre su fara ce maka "Malam mai rubutu", wannan ba a saye.

Rubuta da Hausa mai kyau, ka sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu. Tun fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ƙarƙashin alƙalamin Abubakar Imam, mai karatun Hausa ya saba da a yi masa bayani dalla-dalla cikin daɗin harshe, kuma har yau jaridu irin su Aminiya da gidajen rediyon Kano na neman wanda zai iya hakan. In kana da Turanci, rubuta da shi ma, zai ƙara maka kasuwa.

Sai batun da marubuta ke jin nauyinsa, wato kuɗi. "Allah ya saka da alheri" addu'a ce mai girma, ka amsa da amin, sannan ka faɗi farashinka. Yi ciniki kafin ka fara, karɓi kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniyar ko da a saƙon waya ne. Wanda ya ce maka "za mu yi magana" bayan ka miƙa aiki, da wuya ku sake yin maganar. Kada kuma ka karɓi ko sisi daga wanda kake rubutu a kansa, ko da ya kira shi kuɗin mai, don ranar da 'yan kasuwa suka ji, ranar za a koma ba ka labarin baƙo.

Wata rana wayar da kake jira za ta shigo. In kan farashin waya ne ko dala a kasuwa, ɗauki littafinka ka tafi, sa babbar rigar ma in ka ɗinka, ka isa da wuri. In kuwa suka ce kan rikicin Gabas ta Tsakiya ne, yi musu godiya, ka ce wannan ba fanninka ba ne, ka haɗa su da malamin jami'ar da ya sani, sannan ka roƙi furodusa ya ajiye lambarka da sunan "na Farm Centre".