Hantar yaro ma ana auna taurinta, Alhaji

Ku 'yan majalisar Sagnarigu, na san halinku. Ko rana aka ce ta fito, sai kun leƙa waje kafin ku yarda. To ga sabon abin musu: ana iya sanin taurin hantar ɗan shekara biyu da wata na'ura ba tare da an soka masa allura a ciki ba.

"Ƙarya ne," in ji Alhaji, tun ban rufe baki ba. Haba Alhaji! Ba kai ne ke latsa hantar sa da yatsa a kasuwar Aboabo, kana ce wa mahauci ta yi tauri ba ka so ba? Aikin ke nan, sai dai na'urar ba ta neman ragi. Ana ɗora kanta tsakanin haƙarƙarin dama, ta ɗan ƙwanƙwasa fata, girgizar ta ratsa hanta, sautin da kunne ba ya ji ya bi ta yana auna gudunta. A hanta mai laushi girgizar tafiyar hawainiya take. A wadda tabo ya cinye kuwa, fit ta wuce. Sunan na'urar FibroScan, ta kamfanin Echosens na Faransa, ta fito tun 2003, kuma yara suna da nasu ƙaramin kan. Sau 10 ake aunawa a ɗauki na tsakiya, lafiyayyen yaro yakan tsaya wajen kilofaskal 4 zuwa 5.

Hajiya kuma cewa ta yi, yaron da bai san giya ba me zai taɓa masa hanta? Ciwon hanta nau'in B ba ruwansa da kwalba, Hajiya. Cikin jarirai 10 da suka ɗauka daga uwa wajen haihuwa, kusan 9 da shi za su girma, shiru, ido fari tas babu shawara. Gana ta sa rigakafinsa cikin allurar jarirai a 2002, amma waccan allurar sai sati 6 ake fara ta. Ga kuma tsargiyar hanji, ga toshewar hanyar matsarmama da ake haifar wasu da ita.

Na ba ku ɗaya dai: na'urar ba ta faɗin abin da ya kawo taurin, wannan aikin gwajin jini ne, kuma ana iya ruɗa ta. Kumburin hanta yana ɗaga lambar, mutsu-mutsun yaro yana ɓata awon, cikakken ciki ma haka. Saboda haka in likita ya ce kada ya ci komai awa 3 kafin awo, ku sa ido a kan Kaka. Ita ce za ta ɗura masa koko a ɓoye cikin yalo-yalo don tausayi, lamba ta hau, Alhaji ya sake biyan kuɗin awo.